Leƙen Gobe: Kuskuren da ke Ɓuya a Gwajin Dabarun Kasuwa

Duk wanda ya san harkar hatsi a Zango da Mai'adua da sauran kasuwannin ƙasar Daura ya san tsohuwar dabarar 'yan kasuwa: a sayi gero da wake da kaka, lokacin da manoma ke ta fito da kaya, a jibge a sito, a jira rumbuna su yi ƙasa da bazara ko tsakiyar damina, sannan a fitar. Masu hannun jari a Legas ma haka suke da ƙa'idojinsu na lokacin shiga da lokacin fita. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, yakan ɗauki ƙa'idar ya ɗora ta a kan farashin shekarun baya, ya ga da ya bi ta da me zai samu. Wannan gwaji abu ne mai kyau. Sai dai akwai wani kuskure da ke shiga cikinsa ba sallama, wato mai gwajin ya yi amfani da labarin da a ranar cinikin babu wanda ya san shi.

A ce wani saurayi a Zango ya samu littafin ubangidansa, wanda aka rubuta farashin tiyar gero na kowace ranar kasuwa tsawon shekaru. Ya kwashe alƙaluman ya zuba a kwamfuta, ya kafa ƙa'ida: a saya a makon da ya fi araha cikin kaka, a sayar a makon da ya fi tsada cikin damina. Lissafi zai nuna masa riba kusan kowace shekara, har ya fara ganin wautar dattawan da suka tsufa a harkar ba su yi kuɗi ba. To amma wa ya gaya masa makon da ya fi araha? Littafin ne, bayan kaka ta wuce. Mutumin da ke tsaye gaban buhuna a watan Nuwamba, yana damƙar gero yana shinshinawa, ma'auni na jiransa, bai san ko mako mai zuwa tiya za ta ƙara sauka ba ko daga nan ta juya ke nan. Ƙa'idar da za ta gwadu ita ce wadda za a iya bi da ido rufe ga gobe, kamar a ce a saya a mako na biyu na Nuwamba ko yaya farashi yake. Idan aka gwada wannan, ribar takan ragu, wasu shekarun ma a ga faɗuwa.

A kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1960, kuskuren ya fi wannan iya ɓuya. Mafi yawan bayanan da ake samu kyauta a intanet suna ba da farashi huɗu na kowace rana: na buɗewa, mafi sama, mafi ƙasa, da wanda kasuwa ta tashi a kansa. Sai mutum ya rubuta ƙa'ida cewa duk ranar da hannun jari ya rufe sama da matsakaicin farashinsa na kwana ashirin, a saya, kuma ya bar kwamfuta ta lissafa sayen da farashin safiyar ranar. Ya sayi abu da hantsi ke nan bisa labarin da sai da yamma zai fito. Layi ɗaya ne kawai ya goce a lissafin, amma ya isa ya mai da dabarar banza ta zama kamar rijiyar kuɗi. Ko an gyara an ce a saya washegari, akwai sauran rina a kaba: kasuwar tana da iyakar kashi 10 cikin ɗari na hawa ko sauka a rana, kuma ranar da hannun jari ya buga wannan iyaka ta sama, sau da yawa masu saye ne cunkus ba mai sayarwa.

Rahoton shekara na kamfanoni ma tarko ne. Shekarar kuɗi ta yawancinsu tana ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba, amma rahoton da masu binciken kuɗi suka tantance ba ya fitowa sai an shiga sabuwar shekara da makonni, wasu har ƙarshen Maris. Mai gwajin da ya ɗauki ribar bara ya yanke shawarar saye da ita ranar 2 ga Janairu ya karanta takardar da ba a buga ba tukuna.

Wanda ya fi ciwo shi ne zaɓen kamfanonin da za a yi gwajin a kansu. Mutum yakan ɗauko jerin manyan kamfanonin yau ya koma da su baya shekara ashirin. Amma Dangote Cement a 2010 ya shiga kasuwar, MTN Nigeria kuwa sai 2019. Wanda ke da kuɗi a hannu a 2007 bankuna yake gani, irin su Oceanic da Intercontinental da Afribank, waɗanda jama'a har a Kano da Katsina suka yi ta rububin sayen hannun jarinsu, wasu ma da bashi. A Maris 2008 ma'aunin farashin hannayen jarin kasuwar ya haura maki 66,000, zuwa ƙarshen 2009 ya dawo ƙasa da 21,000. A Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, cikinsu har da waɗannan uku. Daga baya Ecobank ya haɗiye Oceanic, Access ya haɗiye Intercontinental, Afribank kuma aka karɓe lasisinsa a 2011. Sunayensu ba sa cikin jerin yau, saboda haka gwajin da aka gina a kan jerin yau ya tsallake asararsu ba tare da ya sani ba. Dabarar ba ta da wata basira a nan. An dai tsince mata matattu ne tun kafin ta fara.

Alƙaluman gwamnati su ma suna canzawa bayan an fitar da su. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin girman tattalin arzikin Najeriya, sai na 2013 ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan 510. Wanda ya buɗe teburin yau zai ga adadin da aka sabunta a gaban 2013, alhali ɗan kasuwar wannan shekarar tsohon ya gani.

Mutanen bakin iyaka ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan haka. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Kowane daga cikinsu ya motsa farashin hatsi da dabbobi a ƙasar Daura, kuma yanzu kowa na iya nuna ranar da ya kamata a ce ya saya. Ranar kuwa ba a yi shela ba.

Masu gwaji na gaskiya suna liƙa wa kowane bayani ranar da ya fito fili, ba ranar da yake magana a kanta ba. Suna jinkirta kowane saye zuwa zaman kasuwa na gaba, su mai da kamfanonin da suka mutu cikin jeri, su cire kuɗin dillali. Sannan su raba shekarun biyu: su gina ƙa'idar a kan na farko, su kulle na biyu, kada su leƙa sai ƙa'idar ta gama tsayuwa. Idan sakamakon bai yi daɗi ba suka koma suka yi wa ƙa'idar kwaskwarima, to shekarun da aka kulle sun riga sun gurɓata, dole a nemi wasu sababbi, ko a bi ƙa'idar a takarda na wasu watanni, ana rubuta kowane saye kafin kasuwa ta buɗe.