Girman Kai: Daga Dandamali Zuwa Bakin Daji

A wasan kwaikwayon Kurunmi na Ola Rotimi, sarkin yaƙin Ijaye ya ƙi amincewa da naɗin Adelu a sarautar Oyo, taurin kan ya janyo yaƙin 1860 da ya cinye 'ya'yansa da garinsa. Mai kallo yana tausaya masa domin, kamar yadda Aristotle ya sharɗanta, mutum ne mai daraja wanda aibi guda ya kayar.

Na ji wasu 'yan boko suna auna Buharin Daji, ƙasurgumin ɗan bindigar Zamfara, da wannan sikeli. Lallai girman kai ne ya ci shi: an ruwaito ya kore shanun surukan Dogo Giɗe, ya ƙi mayarwa, aka kashe shi a Maris 2018. Amma ni ban yarda da kwatancin ba. Kurunmi al'ada yake karewa. Shi wannan me ya kare? Sannan a dandamali, gwarzo na faɗuwa sai a ja labule. A bakin dajin Rugu ba a ja ba: a Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta Batsari, a Afrilu kuma aka afka wa ƙauyukan Safana.