Kwanciyar Mai Tsohon Ciki: Dama, Hagu ko Rigingine?

A wurin awon ciki, shawarar da aka fi ba mata ita ce su riƙa kwanciya ta ɓangaren hagu. A gida kuwa, uwa ko uwar miji za ta ce kwanciya ta dama ita ce sunna, kada a yi wasa da ita. Sai mai ciki ta rasa na kamawa, ga nauyi, ga ciwon ƙugu, ga kuma fargabar kada ta danne abin da ke cikinta. Amsar da binciken likitoci ya bayar a 'yan shekarun nan ta fi haka sauƙi. Daga mako na 28, wato cikin wata na bakwai, dama da hagu duk lafiya lau ne. Wadda ake gudu ita ce rigingine.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam. Akwai manyan hanyoyin jini guda biyu da suka bi ta gaban ƙashin baya. Ɗaya tana kai jini daga zuciya zuwa ƙasan jiki, har da mahaifa. Ɗayar kuma, wadda ta ɗan karkata dama, ita ke dawo da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya, kuma bangonta ba shi da kauri, abu kaɗan ke matse ta. Idan ciki ya tsufa, jariri ya kai kilo 3, mahaifa kanta wajen kilo 1, mabiyiya wajen rabin kilo, ga ruwan da yaron ke ciki kusan lita guda. Mace na yin rigingine, duk wannan kaya sai ya sauka a kan jijiyar nan, kamar a taka tiyon ruwa ana cikin ban ruwa. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wanda zuciya ke turawa ma ya ragu, rabon mabiyiya ya ragu. Ta mabiyiya kuwa yaro ke samun iska da abinci.

Wasu matan jikinsu kan gaya musu nan take. Minti kaɗan da yin rigingine sai jiri, zufa, tashin zuciya, numfashi ya yi wuya, da sun juya gefe kuma sai abin ya wuce. Amma galibin mata ba sa jin komai, saboda jiki yana da ƙananan hanyoyi da jinin ke zagayawa ta cikinsu. Uwa ba ta ji komai ba, ba shi ne yaro bai ji ba. Lafiyayyen yaro yakan jure. Wanda dama bai samun isasshen abinci daga mabiyiya, ko girmansa ya tsaya, shi ne abin kan fi yi wa illa.

A 2011 ne masu bincike na Jami'ar Okland da ke ƙasar Niyu Zilan suka fara nuna alaƙa tsakanin yadda uwa ke kwanciya da mutuwar jariri a ciki a ƙarshen goyonsa. A 2013 wani bincike a Asibitin Koyarwa na Korle Bu da ke Akara, a Gana, ya ga irin wannan alaƙar tsakanin matan da ke barci a rigingine. A 2017 aka samu wani babba a Ingila, wanda masana daga Mancesta suka jagoranta. Na Niyu Zilan ɗin farko ya ɗan nuna kamar hagu ta fi dama, abin da ya ƙara wa tsohuwar shawarar asibiti ƙarfi. To amma a 2019 aka tattara bayanan mata sama da 3,000 daga bincike biyar wuri guda, aka sake lissafi. Sakamakon shi ne, fara barci a rigingine bayan mako na 28 yana ninka haɗarin fiye da sau biyu da rabi, dama da hagu kuwa babu bambanci. Saboda haka wadda ta saba kwanciya ta dama don bin sunna, ta ci gaba da abinta da kwanciyar hankali.

Gaskiya dai, irin wannan bincike tambayar mata ake yi bayan abu ya faru, ba gwaji ba ne, kuma mafi yawan waɗanda suka kwana a rigingine lafiya suke sauka. Kada wadda ta taɓa rasa ɗa ta karanta wannan ta ɗora wa kanta laifi. Duk da haka, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shawarar cikin ƙa'idojin awon ciki na 2021, kuma a ganina ta yi daidai. Shawara ce da ba ta cin ko kwabo, ba ta da wata illa.

Ƙaramin ciki ba ya cikin wannan magana. Wani bincike a Amurka kan masu cikin fari sama da 8,000 bai ga wata matsala ba game da yadda suke kwanciya har zuwa mako na 30. A watannin laulayi, har rub da ciki babu laifi, cikin ne da kansa zai hana idan ya fito.

Tambayar da mata suka fi yi ita ce, to idan na farka na gan ni a rigingine fa? Ki juya gefe, ki koma barcinki. Babu mai iko da jikinsa idan barci ya yi nisa, kuma abin da aka auna shi ne yanayin da mace ta fara barci a kai, domin a nan ta fi daɗewa. Wannan ya haɗa da barcin rana bayan azahar, da komawa barci bayan fitsarin tsakar dare. Rigingine na 'yan mintuna a gadon awo ko wurin ɗaukar hoton ciki ba komai ba ne, sai dai in kin ji jiri ki faɗa.

Saura jin daɗi, don kwanciyar gefe tsawon wata uku ba wasa ba ce. Kafaɗa na sagewa, ƙugu na ciwo. Ki lanƙwasa gwiwoyi, ki sa matashi a tsakaninsu yadda ƙafar sama ba za ta rinjayi ƙugu ba. Ki cusa wani ƙarami ƙarƙashin cikin ya tallafe shi, wani kuma a bayanki ya tare ki daga birkicewa. Ba sai an sayi dogon filon nan mai tsada da ake tallatawa a Instagram ba. Tsohon zani biyu da aka naɗe tamau suna yin aikin, a katifa ko a tabarma. Wajen tashi kuma, kada ki yunƙura kai tsaye. Ki sauko da ƙafafu tukuna, ki dafa da hannu, sannan ki miƙe a hankali.

Mai fama da ƙwannafi ta ɗaga kai da ƙirji da ƙarin matashi, ta ci tuwon dare da wuri, awa biyu ko uku kafin kwanciya, ta rage yaji da maiƙo. A nan kam hagu takan fi sauƙi, saboda yadda tumbi yake zaune. Idan jijiyar ƙafa ta ɗaure cikin dare, a miƙe ƙafar, a jawo yatsun sama wajen ƙauri. Maganin barci kuwa, na kemis ko na gargajiya, kada a sha sai da izinin likita.

A ƙasarmu, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ƙarancin jini da doguwar naƙuda sun fi yanayin kwanciya kashe jarirai nesa ba kusa ba. Lokacin zafi, idan babu wuta aka fito tsakar gida shan iska, gidan sauro ya biyo mai ciki waje, kuma wannan aikin maigida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Kuma idan kin kwanta gefe kin saurara, kika ji motsin yaro ya ragu ko ya sauya daga yadda kika saba, ko ciwon kai mai tsanani ya taso, ko fuska ta kumbura, ko kika ga jini, ki tashi maigida a tafi asibiti a daren. Kada a jira gari ya waye.