Raƙuman dawa sun koma Gadabeji

Ƴan uwa mata, da yawa cikinmu a hoton littafin ɗan makaranta kaɗai muka san raƙumin dawa, alhali yana nan cikin ƙasarmu yana cin ganyen gawo. A duk Afirka ta Yamma ba wurin da ya rage sai Nijar.

A 1996 an ƙidaya su wajen Kure, kusa da Yamai, aka samu 49 kacal. Fari, farauta da saran itace sun kusa gamawa da su. Da hukuma ta tsananta hana kisa, mutanen garuruwan kuma suka sa hannu, sai suka haura 600. Ba a banza manoma suka yarda ba, don raƙumin dawa yana shiga gonar wake ya yi ɓarna. Abin da ya sanyaya zuciya shi ne rijiyoyi da ƙananan basussuka da mata suka samu albarkacin dabbobin, suka shiga kiwo da ƴar sana'a. Mu da muka san daɗin asusu, ai mun gane wannan lissafin.

To, garke ɗaya a wuri ɗaya hatsari ne, ciwo guda na iya share shi. Shi ya sa a 2018 aka ɗauki guda 8 a babbar mota, tafiyar kilomita kusan 800, aka sauke su a gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, wajen Bermo. Tun 1955 aka keɓe gandun, faɗinsa hekta 76,000, kuma UNESCO ta karɓe shi cikin wuraren da take kulawa da su a 2017. Kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa can ba, sai barewa da tsuntsaye.

Maganar da ta fi shafarmu ita ce wuta da gatari. Da kaka, ciyawa ta bushe, garwashi ɗaya da aka bari a murhu ya isa ya cinye dawa har da abincin shanun Fulani da raƙuman Buzaye. Itacen girki kuwa mu ke nema, mu ke saye. Murhu mai tsimin itace ba ƙyale-ƙyale ba ne. Wadda ta gwada ta san kuɗin da ya rage mata a ɗankwali.

Tun harin da aka kai Kure a watan Agusta 2020, inda mutum 8 suka rasu, baƙin Turai suka ja baya, masu yi musu jagora suka rasa abin yi. Mu muna ganin bai kamata kallon dabbobinmu ya zama na baƙi kaɗai ba. Ƙungiya na iya haɗa kuɗin mota ta kai yara lokacin ɗari. Amma a fara tambayar ma'aikatan gandun daji izini da lafiyar hanya, a ɗauki ruwa da yawa, don yashi ne kuma gari da nisa.