Tafiyar Wuni Ɗaya a Tsaunukan Simiyen Lokacin Sanyi

Tsaunukan da ƙanƙara ke kwanciya a kansu mafi kusa da garin Doka, a jihar Gadarif ta Sudan, su ne na Simiyen da ke arewacin Habasha. Hanyar da ta ratsa Doka tana kaiwa Galabat, a tsallaka iyaka zuwa Matamma, a haura Gondar, daga nan kuma kimanin kilomita 100 zuwa Debark, inda ofishin gandun dajin Simiyen yake. An kafa gandun a 1969, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Ƙololuwarsa, Ras Dashen, ta kai kimanin mita 4,550, ita ce mafi tsawo a Habasha. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 da rikicin yankin Amhara sun dagula zirga-zirga a wannan hanya, don haka mai niyya yakan fara da tambayar halin tsaro.

Ras Dashen ba tafiyar wuni ɗaya ba ce. Masu wuni ɗaya kan bi hanyar Sankaber, a tsawon kimanin mita 3,250, su leƙa gangaren ruwan Jinbar, ko su tashi daga sansanin Cenek su hau Bwahit mai mita 4,430. Dokar gandun ta tilasta tafiya da ɗan rakiya mai bindiga. A hanya akan ci karo da garken birin gelada suna kiwon ciyawa, wani lokaci da bunsurun daji na waliya, wanda babu irinsa a ko'ina sai a nan.

Wanda ya girma a filayen dawa da riɗi na Gadarif, a tsawon wajen mita 600, sanyin da ya sani shi ne na asubar hunturu, wanda ke gushewa da hantsi. Na tsauni daban ne. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin selshiyas a duk mita 1,000 da aka hau, wato a mita 4,000 an rage wa mutum sama da digiri 20 daga abin da ya baro a gida. Daga Disamba zuwa Janairu dare kan sauka ƙasa da sifiri, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Dusar ƙanƙara jifa-jifa take sauka a can sama. Ruwan ƙanƙara da hazo sun fi yawa, musamman da damina, daga Yuni zuwa Satumba.

Abin da ya fi kayar da baƙo shi ne jiƙewa da iska, ba sanyin kansa ba. Hawa yana sa gumi ko da gari ya yi sanyi. Rigar auduga, irin jallabiyar da aka saba da ita, tana shanye gumin ta riƙe shi a jikin fata, da zarar mutum ya tsaya hutawa iska ta buge shi, sai ɗumin jikinsa ya tsiyaye. Shi ya sa masu hawa ke sa kaya hawa uku: ta ciki ta ulu ko roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai kauri, ta waje mai hana ruwa da iska. Akan tuɓe ɗaya kafin gumi ya karyo, a mayar da ita lokacin tsayawa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, safa ta biyu a jaka da takalmi mai kama ƙasa suna cikin lissafi. Silifa ba ta da wuri a nan. Rana ma tana ƙuna a can sama fiye da ƙasa, kuma hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana cutar da ido, don haka baƙin tabarau ba ado ba ne.

Lokaci shi ne jarin mai wuni ɗaya. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. Akan tashi da sassafe, a tsayar da lokacin juyowa tun kafin a fara, a juyo ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Fitila, dabino, gyaɗa da shayi mai zafi a fulas suna da sauƙin ɗauka. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai an tilasta wa kai shan ruwa.

Cuta biyu ake tsoro. Ta farko ciwon tsauni ce, mai iya farawa daga mita 2,500 saboda ƙarancin iskar shaƙa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Kwana ɗaya ko biyu a Gondar ko Debark yana ba jiki damar sabawa, idan kuma ciwon ya tsananta, maganinsa sauka. Ta biyu ita ce faɗuwar ɗumin jiki ƙasa da digiri 35. Tana farawa da makyarkyata, sai harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa tuntuɓe yana ruɗewa, sau da yawa yana musun cewa wani abu na damunsa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi muni. Akan kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari idan yana cikin hayyacinsa. Yatsun da suka sanƙare ba a murza su, ba a kara su da wuta. A hammata ake ɗumama su ko cikin ruwan ɗumi, sannan a sauko da mutumin zuwa asibiti.