Matankaɗin haske: ƙaramin abu mai babban aiki

Daga Yamai zuwa Diffa tafiyar sama da kilomita 1,300 ce. A da, wasiƙa takan kwana biyu a hanya. Yau kuwa saƙo yana isa kafin ƙiftawar ido, domin haske ne ke ɗauke da shi cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Aikin shimfiɗa irin wannan zare mai tsawon kilomita 1,031, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya haɗa da reshen Diffa zuwa Ngigmi har iyakar Cadi, kuma hukuma ta karɓe shi a shekarar 2025.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa zare guda yakan ɗauki launukan haske masu yawa waɗanda ido ba ya gani, kowane launi da nasa saƙo. Idan sun iso, wajibi ne a rarrabe su, kamar yadda ake tankaɗe gari. Na'urar da ke wannan aiki ita ce matankaɗin haske, kuma masana suna ƙoƙarin ƙanƙanta ta ainun.

Ga yadda dabarar take. A shekarar 1957 wani masani na Amurka, Rufus Ritchie, ya nuna cewa ƙwayoyin lantarki na fuskar ƙarfe suna iya kaɗawa tare kamar igiyar ruwa. Haske yana iya kama wannan kaɗawa ya bi ta. Saboda haka ake yanka ƴar siririyar hanya cikin azurfa ko zinariya, faɗinta wajen nanomita 50. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita, wato gashi ya fi hanyar kauri sau dubu.

Manomin tattasai na bakin Komadugu ya san wannan tsari: ruwa yana bin magudana, a gefe kuma ga fangali. Haka nan ake haƙa ɗan rami a gefen hanyar hasken. Launin da ya dace da girman ramin shi ne ke maƙalewa a ciki, sauran su wuce. Ana kuma iya sauya launin da ramin ke kamawa ta hanyar zuba masa wani ruwa, ko ɗumama shi, ko sa masa lantarki, tamkar makaɗi da ke matse tsarkiyar kalangu don sauya amo.

Amma fa da sauran aiki. Ƙarfe yana shanye haske ya mai da shi zafi, don haka hasken ba ya nisa cikin hanyar. Shi ya sa akasarin waɗannan na'urori suna ɗakunan bincike tukuna, layukan waya kuwa suna aiki da matankaɗan gilashi da silikon.

Duk da haka, wannan ilimi ya riga ya shigo asibitocinmu. Jan layin da ke fitowa a ƴar na'urar gwajin zazzaɓin cizon sauro, galibi ƙananan ƙwayoyin zinariya ne masu shanye koren haske su bar ja.

Zaren ya iso jihar Diffa, saura masu kula da shi. Haƙƙi ne a kan iyaye da hukumomi su riƙe yara, maza da mata, a makaranta, domin daga cikinsu ne ma'aikatan gobe za su fito.