Turawan da suka ɗaure sarkinsu a gida, suka kwance namu

Yau daga Wurno nake magana, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, kuma a nan yake kwance tun 1837. Tambayata ita ce: wannan tsari na zaɓen wakili da taka wa shugaba burki, daga ina ya zo mana?

Mu fara da Ingila. A 1215 manyan masu ƙasa suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da wata takarda, Magna Carta, wadda ta ce shi ma doka na hawa kansa. A 1649 suka fille kan Sarki Chals na ɗaya bayan yaƙinsa da majalisa. A 1689 suka rubuta ƙarara cewa sarki ba zai aza haraji ba sai majalisa ta yarda. Ku riƙe wannan, don duk rigimar a kan kuɗi take: wanda zai biya yana son bakinsa a ciki.

To, Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sai ka zaci wannan al'adar za su kawo mana. Ina! Abin da suka kafa shi ne En'e, inda sarki shi kaɗai ne hukuma a idon doka. 'Yan doka nasa, gidan yari nasa, alƙalai a ƙarƙashinsa, haraji da jangali ta hannun hakimansa suke bi zuwa baitulmali. A samansa akwai Razdan da Gwamna, su ne kaɗai za su iya tsawata masa ko su tuɓe shi. Talakan Goronyo da ya sayar da gero ya biya haraji, babu inda zai tambayi yadda aka kashe kuɗin.

Kuma kar wani ya ce mana da can ba mu san taka wa shugaba burki ba. Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami, Bello ya rubuta Usulus Siyasa, duk a kan haƙƙin da ke wuyan mai mulki. Akwai Shari'a, akwai malamai, akwai su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi masu zaɓen sarki. Ba zaɓen ƙuri'a ba ne, ban ce haka ba, kuma ba kullum ake bi ba. Amma sarki ya san idan manyansa suka juya masa baya, rawaninsa na rawa. Da bindigar Bature ta tsaya a bayansa, wannan tsoron ya ragu sosai.

Wakilcin ma a makare ya iso. A 1922 aka ba Legas kujeru uku na zaɓe, Kalaba ɗaya, Arewa ko oho. Sai da tsarin mulkin Gwamna Ricas na 1946 aka yi majalisu biyu a Kaduna, ta sarakuna da ta wakilai, kwaikwayon na Landan. Su ma wakilan yawancinsu ma'aikatan En'e ne.

Nan ɗan Rabah ya shigo. Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, ya je Ingila a 1948 ya ga yadda ƙananan hukumominsu ke aiki, ya shiga majalisar Kaduna a 1949. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar nan ya nemi a gyara En'e, a ba talaka murya. A watan nan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Kafin 1954 doka ta canja: sarki ya daina zama hukuma shi kaɗai, sai tare da majalisarsa. A ganina wannan gyaran matsin 'yan Arewa ne ya kawo shi, ba kyautar Bature ba.

Amma ku dubi zaɓen 1951. Ƙauye ya zaɓi wasu, su zaɓi na gunduma, su kuma na lardi, sannan En'e ta cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Kafin ƙuri'ar manomi ta isa Kaduna, an tace ta kamar koko. A 1959 maza suka jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen tarayya, matan Arewa kuwa sai a shekarun 1970 aka ba su dama, bayan Bature ya daɗe da tafiya.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne ya ƙarasa ɗauke mulkin daga hannun sarakuna ya miƙa wa kansiloli da ciyaman. A shiri na gaba za mu duba ko kansilan mazaɓarka na iya tambayar ciyaman lissafin kuɗi, da abin da doka ta ce idan ya ƙi. Sai mun haɗu.