Daga allon waya zuwa yashin Alakos: Yadda ake shawo kan mota idan ta zame

A fadojin matasa, daga birnin Damagaram har ƙauyukan ƙaramar hukumar Alakos da ke gundumar Gure, wasannin tseren mota na wayar salula sun samu wurin zama kusa da butar shayi. Asphalt 8, wanda kamfanin Gameloft na Faransa ya fitar a 2013, da Need for Speed na cikin waɗanda aka fi sani.

Wurin da akasarin masu wasa ke faɗuwa shi ne kwana. Mota ta shigo da gudu, bayanta ya zame, mai wasa ya murɗa sitiyari, sai ta juya ta fuskanci inda ta fito.

A waya, danna maɓalli ɗaya ya isa a sake farawa. A hanyoyin yashi na Alakos kuwa, inda ake cika motocin a-kori-kura da mutane da buhuna da awaki ranar kasuwa, wannan kuskuren kan kai ga kifewar mota.

Me ke sa mota ta zame?

Duk girman mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne kawai a ƙasan tayoyi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ƙarfin riƙon da taya ke da shi yana da iyaka, kuma birki da totur da shan kwana duk daga wannan riƙon suke ci. Idan direba ya taka birki da ƙarfi yana tsakiyar kwana, ya nemi abin da ya fi ƙarfin tayar, sai ta saki ƙasa.

Zamewar iri biyu ce. Ta farko ita ce tayoyin gaba su saki: direba na juya sitiyari, mota na tafiya kai-tsaye. Maganinta shi ne a sassauta totur, a ɗan rage murɗin sitiyarin har tayoyin su sake kamawa. Ƙara murɗawa ƙara lalata lamarin yake yi.

Ta biyu, wadda ta fi firgitarwa, ita ce tayoyin baya su saki. An fi ganinta a motocin da ƙarfin injinsu ke zuwa tayoyin baya, kamar Hilux idan ba a sa mata giyar taya huɗu ba.

Matakan dawo da ita

Idan mota na shan kwanar dama sai bayanta ya zame hagu, hagun za a juya sitiyari, wato ɓangaren da bayan ya nufa. Ana yin haka da sauri, amma daidai gwargwadon zamewar.

Sai ƙafa. Taka birki yana tura nauyin mota gaba, bayan ya ƙara sauƙi, ya ƙara zamewa. Sakin totur gaba ɗaya farat ɗaya ma haka yake yi. Abin da ake so shi ne a rage shi sannu a hankali.

Sai ido. Masu koyar da tuƙin tsere na nanata cewa hannu na bin inda ido ya kalla. Wanda ya ƙura wa bishiya ido, ita zai nufa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi kayar da mutane. Da zarar tayoyin baya sun sake kama ƙasa, dole a mayar da sitiyari tsakiya nan take. Idan aka makara, motar za ta fizge zuwa ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko, kuma wannan fizgar ta biyu ce ta fi jefa mota gefen hanya.

A waya akwai ƙarin matsala: maɓallin allo bai san “kaɗan” ba, ko an danna ko ba a danna ba. Shi ya sa gogaggun masu wasa ke taɓa shi a gajarce sau da yawa maimakon dannewa, ko su koma tuƙi ta hanyar karkata wayar.

Abin da wasa ke ɓoyewa

Ba dukkan wasannin ne ke faɗin gaskiya ba. A Asphalt, zamewa a kwana lada ake ba ta: tana cika ma'ajin ƙarin gudu, motar kuma takan miƙe cikin sauƙi. Wasanni irin su Gran Turismo, wanda ya fara fitowa a 1997, sun fi kusa da yadda mota take a zahiri.

Daga Gran Turismo ne ɗan Birtaniya Jann Mardenborough ya lashe gasar GT Academy a 2011 yana da shekara 19, ya zama direban tsere na gaske, har ya zo na uku a rukuninsa a gasar Le Mans ta 2013. Sai dai sai da aka horar da shi a mota ta gaske kafin a sake shi a fili. Duk da haka, a 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus, ta faɗa inda ’yan kallo suke, mutum ɗaya ya rasu.

Yashi na da nasa hukunci

Gure na kan babbar hanya ta ɗaya da ta haɗa Damagaram da Diffa, amma da an sauka daga kwalta zuwa Alakos, yashi ne ke iko. A nan dokar ta ɗan bambanta.

Motar tsere gajeruwa ce, tana manne da ƙasa. A-kori-kurar da aka yi wa lodi sama da kai kuwa nauyinta na sama. Idan ta zame a gicciye, tayoyin gefe kan nutse su tara yashi a gabansu, ƙasan motar ya tsaya, samanta ya ci gaba da tafiya. Haka mota ke kifewa.

Saboda haka direbobin daji ke rage iskar taya domin ta shimfiɗu a kan yashi, su bi sawun motocin da suka riga su, su hau tudu su sauka kai-tsaye ba a karkace ba, su kuma bar yashin ya rage musu gudu maimakon taka birki da ƙarfi. Rage iskar na da sharaɗi: kwana mai tsanani na iya cire taya daga kan ƙarfenta, kuma dole a mayar da iska kafin a hau kwalta.

Ko a kan kwaltar, iska kan tara yashi a gefe ɗaya. Tayar da ta fara shiga cikinsa takan ja sitiyari, kuma direban da ya fizge shi don tsoro shi ke jawo zamewar da kansa.

Duniyar tsere ta daɗe da sanin yashin Nijar. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978, ta ratsa Agadez da Yamai, kuma a cikin motoci da babura 182 da suka fara, 74 ne suka isa Dakar. A 1997 Agadez ce ma wurin juyawar gasar.

Motocin zamani na da na'urar da ke gane zamewa ta taka wa taya ɗaya birki da kanta. Kamfanonin Bosch da Mercedes ne suka fito da ita a 1995, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga duk sabbin motoci daga 2014. Tsofaffin motoci da yawa da ke jigila a karkara ba su da ita. Ga ’yan ci-rani da ke turo wa gida mota, tambayar ko tana da wannan na'ura, da duba lafiyar tayoyinta, ya fi zaɓen launi muhimmanci.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe ’yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Wasa na iya koya wa matashi inda zai juya sitiyari da inda zai ajiye ido. Ba zai koya masa nauyin buhu ashirin a bayan mota ba. A kan abu ɗaya dai direban tsere da direban kasuwar ƙauye suka yi tarayya: ana rage gudu ne tun kafin a shiga kwana.